Gefen Direba

Akawu ya yi ritaya da buri ɗaya, ya tayar da tsohuwar motar da ya gada wurin yayansa. Motar ta girmi duk 'ya'yansa. Koriya ce mai dogon hanci da zagayayyun fitilu. Bakanike ya gyara inji, mai fenti ya fesa mata sabon launi, aka sake ɗinke kujeru. Abin da ya rage shi ne siraran sandunan alminiyam da suka bi gefenta daga fitilar gaba har ta baya, suka kuma zagaye tagogi. Da can walƙiya suke yi. Yanzu sun yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe, sabon fentin kuma sai ya ƙara tona musu asiri.

Ya sayo man goge ƙarfe, ya yi ta dirza har kafaɗarsa ta riƙe. Tsumma ya ƙare, sanduna suna nan yadda suke.

Da mai fenti ya biyo ta gidan, ya shafa sanda ɗaya da yatsa ya ce, "Ko shekara za ka yi kana goga, ba ka taɓa ƙarfen ba tukuna. Tun daga kamfani aka yi masa wata fata mai tauri a sama, ita ce ta tsufa. Sai ka cire ta, sannan ka goge abin da ke ƙasa."

"Da me ake cire ta?"

"Soda. Irin wadda ake haɗa sabulu da ita."

Akawu ya san ta. Akwai sodar a gidansa, cikin bokiti mai murfi a ɗakin ajiya, amma tana da mai ita. Matarsa ta daɗe tana haɗa sabulu, har unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Mai Sabulu. Ita kuwa ba ta ga-maciji da motar nan. Ta sha cewa tun da mijinta ya bar aiki ƙafafunsa kawai take gani, sun leƙo daga ƙarƙashin mota.

Washegari suna karyawa ya gyara murya. "Maman yara, ko za ki ɗan ara mini sodarki?"

"Aro? In ka gama za ka dawo mini da ita ke nan?"

Ya yi mata bayanin fatar da ke kan ƙarfen. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye kofi. "Mutumin da ruwan shayi ya ƙone wa hannu jiya, shi zan ba soda? Ciro sandunan. Ni zan yi."

Ya ɓamɓaro su a hankali, don 'yan maƙalan da ke riƙe da su sun tsufa, da ka matsa sai su karye. Babu robar da za ta ɗauki tsawonsu, sai ya tsaga wani dogon bututun roba gida biyu ya toshe bakunansa. A tsakar gida suka yi, inda iska ke kaɗawa. Ta sa safar hannu da tabarau, ta sa shi ma ya sa, sannan ta zuba soda kaɗan-kaɗan cikin ruwa tana juyawa da sanda.

Suka kwantar da sandar alminiyam ta farko a ciki. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, yana tsuwa. Kafin su ankara sandar ta yi baƙi ƙirin.

Akawu ya zauna a kan bulo. "Shi ke nan, mun kashe ta. Irin wannan ba a samu a kasuwa."

Mai Sabulu ta tsamo sandar, ta kai bakin famfo, ta sakar mata ruwa sosai, ta murza da babban yatsa. Baƙin ya bi ruwa ya tafi. Ƙarfe ya fito toka-toka, sumul, babu sauran dishi-dishin nan.

"Taso ka ga gawar," in ji ta.

Ya taso ya gani, suka yi ta dariya kamar yara.

Sauran aikin na sanfefa ne, takardar nan ta dirzar ƙarfe, ana jiƙa ta da ruwa, a fara da mai kaushi a gama da mai laushi, sannan a bi da man gogewa. Ta ce za ta ɗan taya shi, ta jawo tarin da ke kusa da ita, ashe na gefen direba ne. Shi ya ɗauki na ɗaya gefen. Ba wanda ya ce gasa ake yi, amma in ta tashi duba tukunya sai ta rufe nata da tsumma, shi kuma sai ya ɗaga ya leƙa. Abinci ya riƙa makara. Babbar 'yarsu ta bugo waya, uwar ta ce hannunta da mai, uban ya ce shi ma haka, ta kira anjima. 'Yar ta tambayi ƙanenta ko lafiya iyayensu suke.

Ranar da mai fenti ya zo fesa wa sandunan fenti marar launi don kada su sake dushewa, suka jera su a gabansa, kowa da nasa, suka ce ya faɗi gaskiya wanne ya fi sheƙi. Ya duba nan, ya duba can, ya ga fuskarsa a duka biyun.

"Ni fenti na zo yi," ya ce, "ba shari'a ba."

Da aka mayar da sandunan, motar ta zama wata daban. Akawu ya koma ciki ɗauko makulli. Yana fitowa ya tarar da ita zaune a kujerar direba, ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Gefen nan ni na goge shi, Baban yara. Zagaya naka."

"Ai ba ki iya tuƙi ba."

"Da ma na iya goge ƙarfe ne?"

Ya ce to, amma shi zai kai su fili. A filin bayan makaranta motar ta yi ta zabura tana mutuwa, yana cewa ta saki kuloci a hankali, tana cewa a hankali take saki, motar ce mai taurin kai irin na mai ita. Kafin rana ta yi sanyi ta zagaye filin ba tare da injin ya mutu ba, ta kuma dage ita za ta shigar da motar gida.

A bakin get suka ji wani ɗan ƙara, ƙiii. Ta taka birki. Akawu ya fita ya duƙa. Fenti bai taɓu ba, amma sandar ƙofa ta samu zane mai tsawon yatsa.

Ta leƙo. "Gefen wa?"

"Nawa."

"To, da sauƙi."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinsa. Ya koma gabanta yana yi mata alama da hannu. Ta ja da baya, ta daidaita, ta shiga tsaf. Ya nufi gareji zai ɗauko sanfefa, ta ce ya bari tukuna, gobe da safe za su koma fili, gara a haɗa gyaran gaba ɗaya.