Suwaitar Agya Ntim

"Ba za a binne shi ba sai an gama rufin gidan ƙauye, an yi fenti," in ji Kawu Gyamfi, ya doka sandarsa a ƙasa. "Kuma sai ɗan ƙanwarsa ya iso daga Jamus."

Muna tsakar gidan hayarmu na Tafo, a nan Kumasi. Kwana biyu ke nan da rasuwar Agya Ntim, maƙwabcina na ɗaki da ɗaki. Babbar 'yarsa Pokuaa ce kaɗai ta iya buɗe baki.

"Kawu, Baba ya ce kada a bar shi a firjin ajiye gawa. Duk gidan nan an ji."

"Ke 'yar wa ce?" Ya dube ta sama da ƙasa. "Danginki na wajen uwarki. Ntim ɗan yayata ne, gawarsa tamu ce. Naku kuka ne, ku yi abinku."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa: a al'adarmu ta nan, ɗa na dangin uwarsa ne. Mace ta tsufa tana cin abinci kwano ɗaya da mijinta, ran da ya mutu sai ta zama baƙuwa a kansa. Haka muka taras, ni ma haka aka yi mini.

Ban taɓa ganin mai jin sanyi irin Agya Ntim ba. Gyaran rediyo yake yi, kuma shagonsa benci ne da yake ja yana bin rana da shi daga wannan bango zuwa wancan. Ana tsananin zafi, mu muna fifita, shi yana cikin wata suwaita ruwan ƙasa mai maɓallai har wuya. Sai kuma Allah ya haɗa shi da Maame Dufie, wadda sana'arta sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi.

"Fosuaa," yakan ce mini, "kin ga tsautsayi? Duk matan garin nan na rasa wadda zan so sai mai firji."

"Ka sake ta ka auri mai gasa masara mana."

"Wa zai ɓalla mini maɓallin wuya?"

Yatsunsa suna iya kama wayar da ta fi gashi siriri, amma wai maɓallin nan ya gagare su. Kullum da safe sai ya tsaya ya ɗaga haɓa kamar ɗan makaranta ta ɓalla masa. Mun san ƙarya yake yi, ita ma ta sani.

Shi ke kirɓa sakwara ita tana juyawa, mazan gida suna masa dariya. Da Dufie ta kwanta ciwo wata shekara, shi ya riƙa yi wa Pokuaa kitso, irin kitson da malamarsu ta aiko tana tambayar ko lafiya. Bai taɓa cinye naman miyarsa ba, sai ya zagaya da shi bakin 'ya'yansa da na maƙwabta. Ina ƙaunar mutumin nan, ba na ɓoyewa.

Ranar da jikinsa ya rikice ina ɗakin, na kai masa kunu. Ya kama hannun matarsa.

"Dufie, kada ki bari su ajiye ni a firji. Ku sa ni a ƙasa da wuri, ƙasa da ɗumi."

"Ba zan bari ba," ta ce.

Ta faɗa ne don ya samu ya yi barci. A daren ya cika, washegari motar dangi ta zo ta ɗauke shi zuwa mutuware, inda ake ajiye gawa, ba wanda ya tambaye ta.

Daga nan aka sa ta cikin baƙaƙen kaya, aka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa. Ba kasuwa, ba coci, ba ko ƙofar gida, sai ran da aka binne shi. Shi yana kulle a can, ita tana kulle a nan. Da farko ta ci gaba da miƙo wa yara ƙanƙara ta taga. Wata rana da rana tsaka na ji firjin ya yi shiru, na leƙa na ga ta zare wayar.

"Kukansa nake ji a cikin kaina," ta ce. "Na can ma haka yake yi, ko?"



Damina ta sauka, aikin rufi ya tsaya. Na Jamus ya aiko cewa ba a ba shi hutu ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: dagacin ƙauyen ya hana kiɗa da jana'iza sai bayan bikin sabuwar doya. Dufie ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Abinci sai na tsaya a kanta da masifa take ci.

Wata safiya ta kira ni, ta miƙo mini suwaitar a ninke, ta sha guga.

"Ki kai masa. Tunda na kasa fito da shi."

Na hau mota har mutuware. Mai tsaron wurin ya saurare ni sarai, sannan ya ce sai wanda ya kawo gawa ke da izinin taɓa ta. Raina ya ɓaci. Ban koma gida ba, na wuce unguwar Bantama inda Kawu Gyamfi yake zaune wajen ɗansa, na shirya masa maganganu tun a mota.

"Ga shi," na ajiye masa a cinya. "Kun hana shi ƙasa, ku bar shi ya sa riga."

Na jira ya yi mini tsawa. Sai ya ɗaga suwaitar ya daɗe yana kallo.

"Ni na goya shi," ya ce. "Ko yana jariri, in aka yi masa wanka sai ya yi ta karkarwa kamar ɗan tsako. Kina tsammani ina barci, Fosuaa? In na binne shi a gidan da ke yoyo, ba kiɗa ba taro, har jikokina za a riƙa nunawa a ce su ne suka yar da ɗansu kamar mushen kaza."

Ashe shi ma a ɗaure yake, igiyarsa ce ta fi tamu tsawo.

Bayan azahar sai ga shi a gidanmu, hannu babu komai sai sanda. Ya tsaya a bakin ƙofar Dufie, bai shiga ba.

"Matar ɗana, na sa masa. Amma rana tana nan yadda aka sa, sai bayan doya."

Ta ɗago daga kan tabarma.

"Kawu, ka ɓalla na wuyan? Ba ya iyawa da kansa."

Tsohon ya dubi ƙasa, ya dube ni. Sannan ya gyara mayafinsa a kafaɗa, ya juya ya fita, muna jin sandarsa har bakin titi inda ake tsayar da motar da ke bi ta mutuware.

Pokuaa ta tashi ta ja bencin ubanta daga inuwa ta mayar da shi cikin rana. Dufie ta matso har bakin ƙofa, iyakar inda aka yarda ta kai, ta zauna tana kallonsa. A bayanta firjin na tsaye, ƙofarsa a buɗe, babu komai a ciki.