Wa Zai Tsaya wa Malam Muiris

"Ya yi ruwa," in ji Malam Muiris, ya ture cokalin da bayan hannu. Kunun ya zube a kan bargo.

Gobnait ta tsaya da kwanon a hannu tana jan numfashi a hankali, kamar yadda take koya wa 'yan aji ɗaya su yi idan ransu ya ɓaci. Dabarar ba ta yi mata aiki ba. Ta ɗauko tsumma ta goge bargon da ƙarfin da ya wuce na goge kunu.

Katangar dutse ce kawai tsakanin gidanta da nasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba, ɗan ɗan'uwansa kuma yana Boston can Amurka, sai dai waya. Nas tana zuwa da safe ta tafi. Saura kuwa ya faɗo kan Gobnait, wadda duk ƙauyen ya san ba ta ƙaunar ko jin takunsa. Ba don tausayi take yi ba, ta sha faɗa wa kanta haka. A wannan gefen na ƙasar Ailan ba a barin maƙwabci ya mutu da yunwa, ko da shi ne ya fi kowa mugunta. Shi kuwa ya yi shekara talatin da ɗoriya yana hedimasta a makarantar da take shugabanta yanzu, ƙaramar firamare da ake koyar da komai da Airish, yaren ƙasar na asali, wadda tagar ɗakinsa ke kallon filin wasanta.

"Na gan ki yau ta taga," in ji shi. "Kin durƙusa gaban wata figaggiyar yarinya kamar ke ce kika yi laifin."

"Ta ture wata ce a wajen lilo, Malam. Magana muke yi."

"Magana! Da kunnena na ji ta tana zabga Turanci a filin nan."

"Uwarta 'yar Poland ce, bara suka zo. Yau ta ba da haƙuri da yarenmu, ba wanda ya sa ta. Na yaba mata a gaban aji."

"Kin yaba mata." Ya soma dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta tallafe shi ya zauna. Nauyinsa bai kai na ɗan rago ba. Yana samun numfashi ya ci gaba. "Ke 'yar Tadhg, lokacin da na zo garin nan iyayenku kunyar yarensu suke ji. Kowa so yake ɗansa ya iya Turanci ya gudu Amurka. Ni na tsare yaren. Da tsumagiya na tsare shi. Yaren da kike cin abinci da shi yau, ni na ajiye miki."

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mata rai, domin rabin garin sun yarda da ita. Ita kuwa abin da ta sani shi ne yayanta Donncha. Yana aji uku wani direban mota ya tsaya a ƙofar makaranta yana tambayar hanya, Donncha ya nuna masa da Turanci, don mutumin ba ya jin wani yare. Malam Muiris ya kira shi gaban aji ya zabga masa mari a kunnen hagu. Jini ya fito, kunnen ya mutu har yau. Da yamma ubansu ya saɓa buhun dankali ya kai wa Malam, yana ba da haƙuri a kan rashin kunyar ɗansa. Gobnait tana ƙarama ta bi shi a baya, ta ga yadda ya cire hula tun daga bakin katanga. Donncha ya bar makaranta da wuri ya koma kiwon tumaki, kuma har gobe in ka yi masa magana da yaren da aka tsare masa, da Turanci yake ba ka amsa.

"Zauna," in ji Malam Muiris, da muryar da yake cewa haka shekaru hamsin da suka wuce. Abin haushi, sai ta ga ta zauna.

"Idan lokacin ya yi, motar gawata za ta tsaya a ƙofar makaranta. Ki fito da yaran da kayan makarantarsu, su jeru gefe biyu na titi. Kada ki bari su yi ta mutsu-mutsu kamar yadda kika saba."

Al'ada ce, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Duk malamin da ya rasu, motar gawarsa takan tsaya a ƙofar makarantarsa a hanyar maƙabarta, yara su jeru su tsaya masa shiru. Ita kanta ta jera su ga Malama Nuala shekarun baya, kuma ta yi kuka a ranar.

"Ka kira Donncha ka nemi gafararsa," in ji ta. "Daga nan sai mu yi maganar yara."

"Wane Donncha?"

"Yayana. Wanda ka kashe wa kunne."

Tsohon ya zuba wa rufin ɗaki ido. Da gaske yake tunani, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ƙarya ya yi mata da ta fi jin sauƙi.

"Yara da yawa sun bi ta hannuna," in ji shi a ƙarshe. "Wanne ne a ciki? Mai jan gashin?"

Donncha bai taɓa yin jan gashi ba. Gobnait ta ɗauki kwanon ta fita, ta wanke shi har sau biyu, ta ƙara wa murhun gawayi don kada sanyi ya kama shi, sannan ta ja ƙofa.

Daga ranar ya daina cin abinci. Ta ci gaba da zuwa kafin makaranta da bayan an tashi, tana jiƙa masa leɓe da ruwa, tana juya shi. Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai idan hayaniyar yara ta taso daga filin, yakan juya kai wajen taga ya yamutse fuska. Wata Asabar da hantsi, tana gyara masa matashi, ya ja numfashi ya sauke, bai sake ja ba. Ta rufe masa ido, ta buɗe taga, ta tsayar da agogon bango, duk yadda ta ga uwarta tana yi idan an yi mutuwa. Ta jira ta ji fushin ya sauka. Yana nan inda yake, a ƙasan ƙirjinta.

An yi zaman makoki a gidansa. Mata suka cika kicin suna yanka burodi, butar shayi ba ta huta ba. Maza suka riƙa shiga ɗakin da aka shimfiɗe shi, su yi addu'a, su fito suna faɗin magana ɗaya kamar an raba musu ita a bakin ƙofa: mutum ne mai zafi, amma ya iya aikinsa. Wani tsoho har da dariya yake nuna yatsansa da ya karkace, yana cewa kyautar Malam ce, kuma ya cancance ta. Gobnait ta ajiye masa shayi a gabansa har ya fantsala.

Fada Ultan ya same ta a bakin tukunya. Shi ne limamin cocin, kuma shi ne shugaban kwamitin makaranta, mutum mai taushin murya wanda ba ya son a ce a'a a inda mutane suke.

"Malama, jibi bayan addu'a motar za ta biyo ta gabanku. Yaran sun shirya ko?"

"Ba za su fito ba, Fada."

Wuƙaƙen yankan burodi suka tsaya.

"Haba, Malama. An yi wa kowa."

"An yi wa waɗanda suka koyar. Duk uwar da take so ta zo ta ɗauki ɗanta ta tsayar da shi a titi, ban hana ba. Amma ni da hannuna ba zan jera su ba."

"Zamaninsa ne haka. Doka ba ta hana ba a lokacin."

"Malama Nuala ma 'yar zamaninsa ce. Wa ta taɓa fasa wa kunne?" Ta juyo ta fuskance shi. "Kullum ina gaya wa yaran nan, wanda ya cuci wani zai tsaya ya dube shi ya gyara abin da ya ɓata. 'Yan shekara biyar suna yi, Fada. Suna kuka suna yi. Shi na ba shi dama yana kwance, ya tambaye ni wanne ne a ciki. Sai in fito da su cikin ruwa su sunkuyar masa da kai? In ce musu me?"

"Ba sai kin ce musu komai ba."

"To, shi ne ba zan yi ba."

Fada ya juya kofinsa a kan faranti. "Kwamiti zai so ya ji wannan daga bakinki."

"Su kira ni. Na san hanya."

Wata tsohuwa ta ce a ƙasan maƙoshi, gawa ba ta gama sanyi ba ana yi mata shari'a. Gobnait ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne Donncha. Yana zaune a lungu tun ɗazu da hularsa a gwiwa, ya karkato kai yana sauraro. Ya tashi ya biyo ta bayan gida inda ta fita zubar da ganyen shayi.

"Ki jera su kawai, Gobnait."

"Yaya!"

"Mutum ya mutu. Mene ne abin tayar da jijiyar wuya?"

"Saboda kai nake yi."

"Ni na sa ki?" Ya dubi takalmansa. "Yanzu duk gari sai maganar kunnena. Shekara nawa ba wanda ya tuna da shi, ina zamana lafiya."

"Ni na tuna."

"To, ke ce da aiki," in ji shi, ya sa hularsa ya koma ciki.

Ta yi ta juya maganar har ranar Litinin, amma ba ta sauya ba. Ba ta je coci ba, ranar makaranta ce. Iyaye biyu suka zo suka ɗauki 'ya'yansu, ba su gaishe ta ba. Sauran yaran ta gaya musu da safe cewa za a wuce da gawar wani tsohon malami, wanda yake so ya yi masa addu'a a zuciyarsa ya yi. Da lokacin shan iska ya yi ta kaɗa ƙararrawa kamar kullum, yara suka watsu a fili da rigunan ruwansu, domin ana yayyafi.

Ta tsaya daga cikin ƙofar makaranta ta harɗe hannu. Gaskiyar magana, so take ta ga motar ta tsaya a gaban titi fayau, ba kowa. Tun tana yarinya take bin wannan mutumin bashi, yau take son ta karɓa. Ta san ba hali mai kyau ba ne, ba ta kuma damu ba.

Motar ta ɓullo daga kwanar coci a hankali, mutane na biye a ƙafa. Tana kusa da makaranta sai Gobnait ta ga mai karkataccen yatsan nan ya fita daga cikin jama'a ya wuce gaba. Wani ya bi shi, sai wata mai sanda, sai wasu. Ba wanda ya yi musu magana, Fada ma tsayawa ya yi yana kallo. Suka rabu gefe biyu na titi, maza a hagu, mata a dama, gajeru a gaba, dogaye a baya. Wata tsohuwa ta ga ta fi ta gabanta gajarta, ta yi sauri suka sauya wuri. Suka haɗe dugadugai, suka mayar da hannuwa baya, suka ɗaga haɓa. Haka Malam Muiris yake jera su kowace safiya a wannan wurin, kuma ba wanda ya manta inda yake tsayawa.

Donncha yana kusa da ƙarshen layin maza.

Gobnait ta ji kamar ta fasa ihu. Ta so ta fita ta kama su ɗaya bayan ɗaya ta girgiza, masu jikoki, masu furfura, masu ciwon gwiwa, ta ce musu ya mutu, yana cikin akwati, ba ya ganin kowa. Ta riƙe ƙarfen ƙofar har ya shata mata tafin hannu. A bayanta yara na rigima a kan ƙwallo, da yaren nasu, da iyakar ƙarfin muryarsu, ba wanda ya waiwayo.

Motar ta tsaya. Direban ya kashe inji na ɗan lokaci kamar yadda aka saba, sannan ya tayar ya ci gaba. Layin ya warware a hankali, tsofaffin suka bi bayanta suna gyara huluna, har suka sha kwanar maƙabarta.

Donncha bai motsa ba. Yana tsaye shi kaɗai a bakin titi, hannuwansa a baya, yayyafi na sauka a kan furfurarsa, yana jiran wanda zai ce masa ya tafi.