Ranar da Inna Ta Yi Masa Magana

Yayana Abdul'aziz ɗan fari ne, kuma gidanmu a Damagaram gida ne da ake riƙe da alkunya da hannu biyu. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta tambayarsa yadda ya kwana, in zance ya kama dole sai ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarmu, can ya girma. Mu ƙanne muna ce mata Inna, mu hau cinyarta, mu yi mata shagwaɓa son ranmu. Shi kuwa Hajiya yake ce mata, kamar baƙon da ya shigo gaisuwa. Ni ce auta, kuma ni ce 'yar aike tsakaninsu tun ban iya ɗaura zane ba. "Rahama, ki ce wa wancan ya ci tuwo." Ga shi zaune a gabanta, ya ji sarai, amma sai na maimaita.

Na zaci abin zai mutu da muka bar gida. Shi ya zama injiniya a Lyon, ni na biyo baya, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Paris, ina zaune a Aubervilliers. Ashe alkunya ma tana hawa jirgi. Da Inna ta zo bara a duba mata gwiwa, wajena ta sauka, kuma in ya kira waya sai ta miƙo mini da sauri kamar ta ɗauki garwashi.

Yaya yana da wani wasa da ni dai ban taɓa ganin hankali a cikinsa ba. Duk Asabar yakan ɗaure wani dogon ƙunshi a kan motarsa, ya hau duwatsun da ke gabas da Lyon, ya warware shi ya zama ƙaton fiffike: sanduna marasa nauyi da ƙyalle mai kusurwa uku, ba inji, ba komai. Delta suke ce masa. Mutum ya rataye kansa a ƙarƙashi cikin wata jaka kamar buhu, ya kama sanda, ya ruga a guje ya faɗa sarari. Ya fi shekara goma yana yi. Tun Laraba zai manne wa hasashen yanayi, daga ina iska za ta busa, da wane ƙarfi, gajimare zai yi sama ko zai kwanta a kan dutse. Na sha gaya masa cewa Allah ya ba shi ƙafa biyu, bai ba shi gashin tsuntsu ba.

Da ya ji Inna ta iso, sai ya kira ni ni kaɗai.

"Rahama, so nike ta gan ni sama. Sau guda. Ba sai ta ce komi ba."

Na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar kullum, sai na kasa. Mutum ya kusa arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu, yana roƙon ƙanwarsa ta sa uwarsa ta ɗaga kai ta dube shi. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Shawo kan Inna bai yi wuya ba, don ce mata na yi za mu je ganin gari. Sama ce ta ƙi ba mu haɗin kai. Duk Juma'a zan haɗa jaka, sai ya kira da muryar wanda aka yi wa rasuwa: ruwa za a yi, ko iska ta juya arewa, ko hazo ya rufe dutsen. Mu kwance jaka. Inna ta gaji ta ce, "Mu dai gida manomi ne ke kallon sama. Wancan me ya shibka?"

Haka muka yi ta yi har ya rage Asabar ɗaya kafin komawarta. Hasashe ya ce safiya za ta yi kyau, amma daga azahar iskar kudu za ta ƙarfafa. Yaya ya ce mu taho, da wuri zai tashi. Sai jirgin ƙasa ya makara. A Lyon kuma gwiwar Inna ta hana mu sauri, ga hanyar dutse mai lanƙwasa da ta sa ta amai har muka tsaya. Lokacin da muka kai saman dutsen azahar ta riga ta yi.

Ko ni da ban san komai ba na ga abin bai yi daidai ba. Mutanen da suka zo tashi suna naɗe nasu fuka-fukan suna mayarwa kan motoci. Akwai wani jan tsumma da aka ɗaure a kan sanda don nuna iska, ya miƙe tsaye yana kaɗawa fat-fat. Wani dattijo mai suna André, wanda shi ya koya wa Yaya tashi, ya zo ya gaishe mu, sannan ya ja Yaya gefe. Ban ji duka ba, amma na ji "pas aujourd'hui", ba yau ba, har sau nawa. Yaya yana gyaɗa kai yana ci gaba da haɗa sandunansa.

Na je na same shi. "Yaya, kowa ya hwasa. Ka bari mana."

"Akwai sauran lokaci kaɗan. Na taɓa tashi cikin wadda ta hi wannan."

"Ƙarya kake."

Bai musa ba. Ya dubi inda Inna take zaune a kan kujerar da muka zo da ita, ta ba shi rabin baya, tana jan carbi. Ya ce, "Laraba za ta tahi."

Na san mutum ɗaya ne a duniya zai ce masa ya bari ya bari. Na durƙusa gabanta. "Inna, don Allah ki ce mishi kada ya tashi. Iskar ba ta da kyau, malaminsa ma ya hana."

Ta dube ni kamar na zage ta a gaban baƙi. "Ni? Ina ruwana da shi? Ke ba ki da baki?"

"Na yi, bai ji ba. Naki zai ji."

Ta mayar da ido kan carbinta. Wallahi a lokacin na ji kamar in girgiza ta.

Yaya ya zo da hular kwano a hannu, ya russuna nesa kaɗan da ita. "Hajiya, zan tashi." Ta ce mini, "Ki ce Allah shi kiyaye." Na ƙi maimaitawa, karo na farko a rayuwata. Ya miƙo mini ƙaramar rediyo, ya nuna mini inda zan danna in zan yi masa magana, ya juya.

André ya riƙe masa igiyar gaban fiffiken yana ɗaure da fuska. Yaya bai ma yi gudu ba. Taku biyu, iska ta ɗebe shi ta yi sama da shi tsaye, kamar an ja guga daga rijiya. Ba zan ɓoye ba, na ɗan lokaci abin ya yi kyau. Fari da shuɗi a sarari, rana a kansa, kwari shimfiɗe a ƙasa da gonaki da kogi. Na ce a raina, ashe wannan yake gani duk mako. Na waiwaya, Inna tana kallon ciyawa.

Sai iskar ta ƙaru. Ta fizge mini gyale, ta kifar da kwandon abincinmu. Fiffiken ya tsaya cak a sama, ba gaba ba baya, yana rawa hagu da dama. André ya ɗaga tasa rediyon yana magana a hankali, irin muryar da muke yi wa majinyaci in sakamako bai yi kyau ba. Ya ce wa Yaya ya durƙusar da hancin fiffiken ya miƙe gaba, ya bar dutsen, ya je ya sauka a babban filin da ke can kwari bayan kogi. Kada ya kuskura ya dawo nan. Ya juyo ya yi mini bayani da hannu: a gaban dutse iska sama take hawa, a bayansa kuwa birkicewa take yi kamar ruwan da ya wuce kan gada, duk abin da ya shiga wajen sai ta murɗe shi.

Muryar Yaya ta fito, "D'accord," wato to. Fiffiken ya fara rarrafawa gaba, kaɗan-kaɗan. André ya ce zai ɗauki lokaci amma zai kai. Na sauke numfashi.

A nan ne Inna ta ɗaga kai. A idona aka yi. Ta ga ɗanta rataye a jikin ƙyalle, iska tana jijjiga shi, yana ƙara nisa da mu. Carbin ya faɗi daga hannunta. Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta fizge rediyon daga hannuna, ta danna inda ta ga ana dannawa.

"Kai," ta ce. "Sabko. Sabko nan, maza."

Sai ƙugin iska a rediyon. Can muka ji, "To, Hajiya."

André ba ya jin Hausa. Abin da ya gani kawai shi ne fiffike ya karkata yana juyowa. Ya kama kafaɗata, me ta ce, me ta ce? Da na fassara masa sai ya fasa ihu a rediyo yana hana Yaya, "Non! Non, Aziz!" Na ƙwace tamu. "Yaya, kada ka juyo! Inna ba ta sani ba! Ka tahi kwari!"

"Ta ce in sabko, Rahama." Muryarsa wasai, kamar yaron da aka yi wa sabon ɗinki.

Na tura wa Inna rediyon a baki. "Ki ce ya tahi can! Ki ce ya yi nisa!" Ta dube ni, ta dubi André, ta dubi sama. Ta ina za ta gane cewa a ce wa ɗa ya ƙara nisa shi ne ceto? André ya sauke hannunsa. Iska tana bayan Yaya yanzu, kafin in sake danna rediyon ya wuce ta kanmu, ya shiga bayan dutsen.

Akwai ɗan filin kiwo a can. Ya yi ƙoƙari, na ga ya juyo da hanci zai fuskanci iska. Sai fiffike ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya nutse, aka juya shi kamar waina. Ƙarar ba ta ma yi ƙarfi ba. Na yi gudu, André ya riga ni duk da shekarunsa, yana cewa kada a taɓa shi, kada a motsa shi. Yaya idonsa biyu. Na zauna a ciyawa ina riƙe da hular kwanonsa kada kansa ya motsa, ina kuka, ina zaginsa, har jirgi mai saukar ungulu ya zo. Inna tana can tsaye inda muka bar ta, ta kama bayan kujera.

A asibitin Lyon aka ce ƙashin baya ne. An yi aiki, an sa ƙarfe. Da na tambaya ko zai taka, likita ya ce sai a jira a gani. A asibiti nake aiki, na san abin da wannan maganar take nufi. Ana soka masa allura a yatsun ƙafa, ba ya ji, yana kallon rufi.

Na ɗage tafiyar Inna. Kullum tare muke zuwa, ta zauna a kan benci a baranda daf da ƙofarsa, tun buɗewa har a sallami masu ziyara. Ba ta shiga. Takan dama kunu ta miƙo mini, ba saƙo. Ko "ki ce wa wancan" ɗin ma ya ƙare.

Wata rana da la'asar ina ba shi kunun, sai ya ce, "Kin ji ta ko?"

"Na ji me?"

"Da ni ta yi magana. Ba ta ce ki ce mini ba. Ni ta ce ma." Yana murmushi. Mutum kwance, an ɗaure shi tun daga wuya har ƙugu, yana murmushi. Da ba don ciwon ba da na mare shi, sai kawai na ajiye kofin.

"Ki ce mata ta shigo," ya ce. "Ko gaisawa mu yi."

Na fita na zauna kusa da ita. Na faɗa mata.

"Tun ran da na haihe shi na riƙe bakina," ta ce, "yana tahiya da ƙahwahunshi. Sau guda na buɗe."

"Inna, iska ce. André ma ya ce iska ce."

"Iyayenmu ba wauta suka yi ba."

"Jiranki yake. Murna yake yi, wallahi. Ki shiga ko kallonsa ki yi."

Ta girgiza kai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na sami inda zan kama. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Annabi, na yi fushi, na sassauta. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, na san an gama.

Da na koma ɗakin ya karkato ido wajen ƙofa iyakar yadda abin wuyansa ya bari.

"Tana zuwa?"

"Ba yau ba, Yaya."

Ya ce ba komai, zai jira, ai yanzu ba inda za shi.