Kilo Ukun da Sikeli Ya Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya Malam Shafi'i ya yi yana awon riɗi da wake a kasuwar Dawanau, kuma duk wanda ya taɓa kai masa kaya ya san halinsa. Ba ya ɗora buhu ko ɗaya a sikeli da safe sai ya fara ɗora duwatsun gwaji ya ga awo ya tsaya daidai. Ƙarfe ne duwatsun nan, kowanne kilo ashirin, dutse dai ake ce musu a kasuwa. 'Yan dako su yi ta tsaki, masu kaya su yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. To wannan mai taurin kan ne ciwon ƙoda ya kayar, ya raba shi da kasuwa, ya raba shi da gonarsa ta bayan gida, ya mayar da shi ɗan zaman benci duk Talata da Asabar a wani ƙaramin asibitin wankin ƙoda da ke wajen Bacirawa.

Tsarin wurin ba shi da wuyar ganewa. Kowane majiyyaci yana da kati, a jiki likita ya rubuta ainihin nauyinsa, wato nauyinsa in babu ruwan da ya taru masa a jiki. Na Malam Shafi'i kilo sittin da biyu. In ya zo sai ya hau sikeli, duk abin da ya ƙaru a kan sittin da biyu shi ne ruwan da inji zai zuƙe cikin awa huɗu. Awo ne dai irin wanda ya sani, shi ya sa ma tun farko hankalinsa ya kwanta da su. Shekara guda aka yi a haka lafiya lau, har yana iya zagaya gona da sanda yana yi wa masu noma faɗa.

Da damina ta faɗi, rufin asibitin ya yi yoyo, ruwa ya shiga tsohon sikeli ya kashe shi. Aka kawo sabo mai batir, fari tas, mai nuna jar lamba. Kowa ya yaba. Daga nan kuwa Malam Shafi'i ya fara lalacewa. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. In ya kwanta sai ya ji kamar an danne masa ƙirji da buhu, dole ya tashi zaune yana haki. Wata biyu cur bayansa bai taɓa shimfiɗa ba, a jingine yake ɗan gyangyaɗinsa, matarsa Juwairiyya ta tara masa matasai a bango.

Ya kai kuka wajen Sista Nazira, wadda ita kaɗai ke fama da injina huɗu daga safe zuwa yamma, domin likitan sai bayan mako biyu yake leƙowa daga birni. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata katutu. Ta buɗe kati ta nuna masa da biro cewa kullum a sittin da biyu cif yake sauka, saboda haka babu wani ruwa a jikinsa. Ta ce ko dai zuciya ce, ko kuma ana ba shi gishiri da kunu a ɓoye, don ta san halin mutanen ƙauye, a gabanka su ce to, su koma gida su yi abin da suka ga dama. Maganar nan ta soki Juwairiyya ƙwarai. Matar da ta raba tukunyarsa da ta gida, ta daina sa masa ko daddawa, take auna masa ruwan sha da ɗan kofin shayi tana kallonsa yana haɗiyar yawu, ita ce yau ake cewa tana kashe shi a ɓoye. Sai a hanya ta yi kukanta.

Akwai wani Mani, mahauci daga Zakirai, da suke zama kusa da juna a benci suna tsokanar juna. Shi ma irin wannan hakin ya kama shi, shi ma aka ce masa zuciya ce. Wata Talata aka zo babu shi, sai labari aka ji an yi jana'izarsa tun Lahadi.

Ran nan da aka gama wa Malam Shafi'i wanki, ya sauka a sittin da biyu kamar kullum, sai ya ce shi ba zai tafi gida ba, a bi da shi ta Dawanau. Zuciyarsa ce ta ƙuntata, yana son ganin mutane. A tsohuwar rumfarsa ya tarar da Basiru, tsohon ɗan dakon da suka tsufa tare, wanda yanzu shi ke riƙe da sikelin. Suna cikin gaisawa, don sabo kawai, Malam Shafi'i ya taka sikeli. Sittin da biyar. Ya sauka, ya sake hawa. Sittin da biyar. Ko awa ɗaya ba a yi ba da saukarsa daga na asibiti, kuma ko ɗigon ruwa bai sa a baki ba. Ya sa Basiru ya jawo duwatsun gwaji uku ya ɗora, awo ya tsaya a sittin daidai, babu ragi babu ƙari. Nan ya zauna a kan buhu, ransa ya ɓaci matuƙa. Ashe kilo uku na ruwa yake yawo da shi wata biyu, sabon sikeli yana ɓoye shi, ana ta ɗora wa matarsa laifi.

Ranar Asabar ya faɗa wa Sista Nazira cikin ladabi. Ta yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya kawo shirme. Ta ce sikelin buhu daban, na asibiti daban, wannan daga waje aka kawo shi.

“'Yata, kilo ai kilo ne,” in ji shi. “Ko na wake ko na mutum.”

Ta ce ya bari likita ya zo, ta wuce wajen wani injin da ke ƙara.

Likita kuwa sai nan da kwana tara, kuma Malam Shafi'i ya san jikinsa ba zai kai kwana tara ba. Da ya faɗa wa Juwairiyya abin da yake shirin yi, ta hana iya hanawa. Ta tuna masa cewa manajan asibitin, Alhaji Kamaruddeen, ba ya son a ɗaga masa murya, kuma ya taɓa soke sunan wata mata don ta yi ƙorafi a gaban mutane. In aka soke nasa, asibitocin birni layi ne na watanni, shi kuwa mako ɗaya ba wanki ya ishe shi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce in ya yi shiru ma ruwan zai kashe shi, gara ya mutu ya faɗa. Ta kira shi mai kunnen ƙashi, ta yi fushi ta bar masa ɗakin. Amma ranar Talata ita ta riga shi shiryawa.

A daidaita sahu suka ɗauka har Dawanau, Basiru ya loda duwatsu uku a ƙasan kujera, suka nufi asibiti. Mutum bakwai suka tarar a benci. Basiru ya shigo da dutse ɗaya a kowane hannu, ya koma ya ɗauko na uku, ya dire su a gaban farin sikeli har ƙasa ta amsa. Sista Nazira ta ce wannan wane irin abu ne, a fitar da su, nan ba kasuwa ba ce. Malam Shafi'i, yana riƙe da bango yana jan numfashi da ƙyar, ya ce a ɗora su sau ɗaya kawai, in ya nuna sittin zai nemi gafararta a gaban kowa. Kafin ta buɗe baki Basiru ya riga ya ɗora, don shi ma ba wani jin magana yake ba.

Jar lamba ta yi rawa ta tsaya. Hamsin da bakwai.

Sista Nazira ta matso ta duba hatimin da ke jikin duwatsun, ta sa aka sauke, ta kashe sikelin ta kunna, aka sake ɗorawa. Hamsin da bakwai. Ta tsaya tana kallon lambar, fuskarta ta sauya, ta kalli ƙafafun mutanen da ke benci ɗaya bayan ɗaya.

Hayaniyar ce ta fito da Alhaji Kamaruddeen daga ofis. Mutum ne mai wayo, kallo ɗaya ya yi ya gane inda aka dosa. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannun Malam Shafi'i ya ja shi gefe, yana ta Baba Baba, ya yi ƙasa da murya. Ya ce an gode da wannan lura, za a duba sikelin a hankali in mai gyara ya samu zuwa. Yau ɗin nan za a fara sa shi a inji, a cire masa kilo ukunsa, ya tafi gida ya sha iska. Abin da ake so kawai a kwashe ƙarafan nan, kuma kada a tayar wa marasa lafiya hankali da maganar da ba su fahimta ba. In kuwa rigima yake nema, akwai mutum goma da ke jiran kujerarsa.

Wallahi tayin ya shiga ransa, don a lokacin numfashin da yake ja ko rabin ƙirjinsa ba ya kaiwa. Kujerar injin tana nan a gabansa taku biyar. Ya kalli Juwairiyya, ya ga idonta cike da hawaye, ya ɗauka za ta ce ya karɓa. Sai ta kawar da kai ta gyara mayafinta, ta je ta tsaya kusa da duwatsun.

Malam Shafi'i ya zare hannunsa daga na manaja, ya lallaba ya zauna a ƙarshen benci.

“Alhaji, ban taɓa yi wa mutum ɗaya awon gaskiya na cuci na bayansa ba,” ya faɗa yadda kowa zai ji, yana tsayawa tsakanin kalmomi don haki. “Sikelin nan yana cin kilo uku. Duk wanda ke bencin nan akwai ruwa a jikinsa. A gyara na kowa, ni ne na ƙarshe. In kuma kora ce, sai dai a ɗauke ni, don ƙafata ba za ta kai ni ƙofa ba.”

Benci ya ruɗe. Wata tsohuwa ta ɗaga zani ta nuna ƙwaurinta da ya yi suntum, wani ya ce shi ma mako uku ke nan a zaune yake kwana. Manaja ya ɗaga murya ya umarci Sista Nazira ta ɗauko katin Malam Shafi'i ta miƙa masa ya tafi. Ta je wajen tebur, ta ɗauko katin, ta haɗa da sauran bakwai. Ta ciro waya ta kira likita a gaban kowa, ta faɗa masa abin da ta gani da idonta, ta ce ita ba za ta sake sa allura a jikin kowa da wannan awon ba. Abin da likitan ya ce ba a ji ba, an dai ga ta miƙa wa manaja wayar, shi kuma ya shige ofis da ita ya turo ƙofa.

Da aka dawo mata da wayarta sai ta fara kiran suna. Likita ya ce a ƙara uku a kan awon kowa, amma kada a cire ruwan duka a rana ɗaya, a raba shi biyu. Mutum huɗu suka hau injina. Malam Shafi'i da ya ce shi ne na ƙarshe, Sista Nazira ta so ta sa shi a sahun farko ko yana so ko ba ya so, ya ƙi fur, ya ce tsohuwar nan ta fi shi kumburi. Awa huɗu ya yi a benci, Basiru ya tallafe shi ta gefe ɗaya, Juwairiyya tana yi masa fifita tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Leɓɓansa suka yi duhu, maganar ma ta gagara. Sau biyu Sista Nazira tana zuwa ta sa masa abin shaƙar iska, ta duba shi ta koma.

Sai bayan azahar aka kwantar da shi a kujera ta huɗu, aka ɗaga masa bayanta sosai yadda ya saba. Da ta zo sa allura ta sunkuya ta ce, “Baba, ku yafe ni. Inna, ke ma ki yafe ni.” Juwairiyya ta gyaɗa kai kawai. Shi kuwa ya ce da ƙyar ta riƙa gwada sikeli kowace safiya, zai bar mata dutse ɗaya.

Inji ya kama aiki. Awa ɗaya, awa biyu, hakin ya fara sassautawa. Wajen la'asar ya yi wa Juwairiyya alama da hannu ta sauke bayan kujerar. Ta sauke kaɗan. Ya ce ta ƙara. Ta yi ta saukewa tana kallon fuskarsa har ya miƙe sambal, ya lumshe ido, jikinsa ya saki gaba ɗaya.

Wata biyu ba ta ga mijinta a miƙe haka ba, kuma ta san irin miƙewar da take tsoro. Ta kira sunansa bai amsa ba. Ta kai yatsu kusa da hancinsa, ta juya za ta kira Sista.

Sista Nazira ta riga ta iso. Ta kama wuyan hannunsa ta ɗan saurara, sannan ta dafa kafaɗar Juwairiyya.

“Ƙyale shi, Inna. Barci yake.”