Sunan da Altine Ba Ta Kamawa

"Me ya ce kafin ya cika?" tafintan kumandan ya sake tambaya.

Altine ta gyara lulluɓi. Ita ta tsinci maƙwabcinsu Muttaƙa da hantsi a gonar gyaɗa, kwance cikin jini, an soke shi a haƙarƙari. Mutumin da darni ɗaya ya raba gidajensu shekara ashirin! Ta tallafi kansa, shi kuwa idonsa na kan hanyar kudu.

"Cewa ya yi, 'Ƙaƙa ka yi mini haka?' Sau biyu. Sai ya yi shiru."

Tafintan nan baƙo ne daga bakin teku, Hausarsa ba ta wuce ta cinikin albasa ba. Ya juya maganar da Faransanci, kumandan da rangadi ya kawo ƙauyen ya rubuta. Kafin azahar dogaran bariki sun ɗaure Kaka, ɗan Altine na fari, a bakin rijiya yana ban ruwan shanu.

Gari ya ɗauki salati. Ga sawun doki ɓaro-ɓaro daga gonar ya nufi iyaka, ba wanda ya bi. Ba a nemi mutumin da Muttaƙa ya yi cacar baki da shi a kasuwar Dungas ba. Kuma kowa ya san Altine ba ta kama sunan ɗan fari. "Wancan" take ce masa, ko da yake wancan ɗin har ya ajiye 'ya'ya biyu.

Liman Goni ya ce mata, "Kuskuren kunne ne. Bi su Magariya ki warware."

Kwana biyu ta yi tana tafiya a ƙasa. A bariki aka fito da Kaka gaban kumandan da mari a ƙafa, ya durƙusa gefe, kansa a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce mamacin ya yi," in ji Altine. "Ƙaƙa, wato yaya. Ba sunan kowa ba ne."

Tafinta ya ce, "Ai shi kika faɗa. Kaka."

"Wallahi ban faɗa ba!"

"To ina bambancin? Faɗi duka biyun mu ji."

Shekara ashirin da bakwai harshenta bai ɗauki wannan kalma ba. Ko damina ta wuce, "lokacin girbi" take cewa. Ta dubi marin ƙafar ɗanta.

"Ƙaƙa daban," ta ce, murya a dushe. "Kaka daban."

Ɗanta ya ɗago kai firgigit. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Na'am, Inna?"

"Ka ji ko, ranka ya daɗe?" in ji tafinta. "Ta sake kiran sa, shi kuma ya amsa."

Kumandan ya sa hannu a takarda, ya tashi cin abinci.

Aka ja Kaka zuwa ciki yana waiwaye. Altine na tsaye a rana tsakar bariki, tafin hannunta a kan bakinta, har ƙarar marin ta daina jiyuwa.