Kwalaben Dakta Abdulghaffar

"Ajiye! Alhaji Kassimu, na ce ka ajiye!"

Na'ibi ne ya daka tsawar daga bakin ƙofa. Tsoho Kassimu na tsugune gaban 'yar tallajar, ƙaramin firijin da ke ƙarƙashin taga, riƙe da wata kwalba mai ruwa ja-ja kamar shayin da ya kwana, yana neman ɓalle murfin robar da haƙori.

"To mene ne? Bayana ya hana ni ruku'u. Tsimin Dakta ne, kurɓi ɗaya zan yi."

Dariya ta ƙwace wa Dakta, mai ɗakin, daga kan katifa, ta juye ta zama tari. Sai da ya lafa ya ce, "Alhaji, in ka sha, bayanka na nan yadda yake, ni kuma ka shanye mini aikin rayuwata."

Kassimu ya mayar da kwalbar yana gunaguni. Shi dai a wurinsa likitan da ba ya ba da magani ba likita ba ne.

Dakta Abdulghaffar yayan Hajiya Tani ne, mai gidan da ke jikin na Na'ibi a Nuzla. Hausawan Sudan ne. Ita aure ya kawo ta Jidda, shi kuma karatu ya kai shi Rasha tun yana saurayi, can ya yi furfura. Da zuciya ta fara ba shi wahala ya tattaro ya zo wajen ƙanwarsa, da akwati ɗaya, da madubin duba ƙananan halittu, da kwalaben nan a cikin kula.

Na'ibi direban motar ƙanƙara ne a Bangala, kasuwar kifi, kuma ba mutum ne mai son dogon zance ba. Amma na Dakta yakan zauna ya ji. Wai can arewacin Rasha akwai fadamun da ba a ganin iyakarsu, in ka taka ƙasar sai ta lotsa ta taso kamar katifa. Gansakuka ce ke mutuwa a kan gansakuka tun kafin kakannin kakanni, ba ta gama ruɓewa, ruwan kuma tsami gare shi. Wata iska mai kama wuta tana tasowa daga ƙarƙashi. A cikin wannan ruwa akwai halittun da ido ba ya gani, abincinsu wannan iskar.

"Ƙwayoyin cuta ke nan," in ji Na'ibi.

"Ba su taɓa sa wa kowa ko da mura ba. Kunya ce da su. Ka ba su abinci mai kyau su mutu, ka ɗumama su su mutu. Sai da na tsufa kafin wannan irin ya yarda ya zauna mini a kwalba."

"Mutum ya bar rana ya tafi kiwon abin da ba ya gani. Allah ya kyauta."

Haka yake faɗa masa a fuska. Amma a duk Nuzla babu wanda zai taɓa Dakta Na'ibi na tsaye, saboda Uwani. Autarsa ce. Gudawa ta kama ta, a kai asibiti ta tashi, a dawo gida ta sake kwantawa, har wuyanta ya kasa riƙe kai. Dakta ya zo ya ɗebi ruwan hazzan, tankin da ke ƙarƙashin gidan, ya duba a madubinsa, ya ce ramin masai yana tsiyaya a ciki. Na'ibi ya yi masa rashin kunya, ya ce ruwansa garau yake. Da aka fasa siminti aka ga tsagar, yatsa na shiga. Yarinyar da ake ɗauka a kafaɗa, ga ta yau tana tsere da yara a lungu.

Bayan Kassimu ya fita, Dakta ya yafito shi.

"Na'ibi, ba na jin zan kai azumi."

"Kai ne mai rai a hannu?"

"Bar wannan. Akwai ɗalibina, Ildar, Musulmi ne daga can. Zai zo Umra cikin Ramadan ya karɓe su. Ko suna ban gama raɗa musu ba, kuma babu irinsu a hannun kowa. Sanyi kawai suke so. Kada su ga rana."

"Mutum na kwance, maimakon ya yi ta istigfari yana wasiyyar laka."

"Ina yin duka biyun," Dakta ya ce. "Ka ɗauka?"

"Halas. Na ɗauka."

Bai kai azumin ba. Wata safiya cikin tsakiyar zafi Hajiya Tani ta kai masa kunu ta tarar ya cika, fuskarsa na duban bango. Na'ibi ne ya yi ta zirga-zirgar takardu tsakanin asibiti da 'yan sanda, da shi aka yi wanka. Aka samu izini za a kai shi Makka, a sallace shi a Harami bayan la'asar, a rufe shi a maƙabartar Shara'i. Kowa na cewa Dakta ya dace.

An sa gawa a mota, maza na cusa kansu a motocin rakiya, sai ƙishirwa ta kori Na'ibi cikin gida. Ya buɗe 'yar tallajar. Robobin kunu, kwanukan shinkafa, ruwan gora. Babu kwalba ko ɗaya.

"Ina kwalaben da ke nan?"

Rakia, matar Kassimu, ta ɗago daga wanke finjalan gahawa. "Magungunan? Mun kwashe tun da safe. Ai ba a barin maganin mamaci a idon 'yan'uwa, yana tayar da kuka. Ga abincin maƙwabta na ta shigowa, ina za mu sa?"

"Ina kuka kai su, Hajiya?"

"Saman soro. Da ƙwayoyinsa duka, a kwali."

Ya hau matattakala bibbiyu. Kwalin na tsakiyar rufin, inda ko tsuntsu ba ya sauka da rana tsaka. Ya taɓa kwalba ɗaya, ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ƙasan kwalin da sauran dama.

Yana fitowa rungume da kwalin, Kassimu ya leƙo ta tagar mota.

"Yalla, Na'ibi! Kai ake jira, la'asar za ta kuɓuce mana."

"Ku tafi."

"Mu tafi? Mutumin da ya tashi 'yarka? Ba za ka ɗauki makararsa ba?"

"Na ce ku tafi."

"Saboda tsimi? Wallahi ka ji kunya!"

Duk lungun ya ji. Na'ibi ya ƙara rungume kwalin. Yana kallo motar gawar ta karya kwana wajen shagon Bayamane ta ɓace. Ya cire rawaninsa, ya jiƙa shi a famfon masallaci, ya lulluɓe kwalin, ya tari tasi zuwa Bangala. A bayan motar ƙanƙararsa ya jera su a kan buhu, kusa da sanyi amma ba a jikinsa ba, don Dakta ya taɓa cewa daskarewa ma kisa ce. Da aka kira la'asar yana zaune a wurin, cikin ƙarnin kifi, ya san yanzu ake jera sahu. Ya yi kukansa shi kaɗai.

Kwanakin zaman makoki mutane suka riƙa miƙa masa hannu a sanyaye. Hajiya Tani ce kawai ta aiko masa da 'yar tallajar, ba tare da wani saƙo ba.

Ildar ya zo cikin azumi, dogo, fuska ta ƙone da rana, Larabcinsa na littafi. Da ya ji abin da ya faru sai ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya duba. Ya ce ido ba zai nuna ba, sai an gwada. Ya ɗura musu iskar da Dakta ya bari a wata kwalba, ya ajiye su a ɗaki mai sanyi, ya wuce Makka da Madina.

Ranar da ya dawo, ya soka sirinji a murfin kwalba ta farko. Babu abin da ya motsa. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Na'ibi ya fara neman takalminsa. A wata ƙarama ta ƙasan kwali, bututun sirinjin ya zame ciki da kansa, a hankali, kamar ana zuƙa.

"Sun ci," Ildar ya ce. "Ya ammi, sun ci iskar. Suna da rai."

"Wannan ɗaya ta isa?"

"Ta isa."

"To alhamdulillahi. Tashi, akwai inda za ka raka ni."

Da hantsi suka isa Shara'i. Fili ne shimfiɗe har gindin duwatsu, kaburbura sahu-sahu, kowanne da ɗan dutse a kai, babu suna, babu alama. Na'ibi ya tambayi mai gadi, mai gadi ya nuna wani ɓangare da haɓa ya ce na watan jiya daga can ne zuwa can.

Suka taka har wurin. Na'ibi ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya cire takalmi, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa, ya ɗaga hannu ya yi sallama ga sahun gaba ɗaya.