Wutar gidan wankan Umeno

Shekara arba'in ina cuɗa bayan Fusae a gidan wankan unguwarmu, ita ma tana cuɗa nawa. Na san tabon ƙunar da ke kafaɗarta, na san irin dukan da ta sha a hannun mijinta. Ƙofar gidanta ce ban sani ba. Haka muke dukanmu, a ruwa ake haɗuwa, a bakin titi a rabu. Tsohuwa Umeno mai gidan wankan ita kaɗai ta san inda kowacce take kwana. In ta ga kwanon wankanki ya bushe a ma'ajiyarsa, sai ta zura takalmi ta je ta ƙwanƙwasa miki.

Umeno ta rasu da bazara. Ɗanta Katsuhiko ya zo daga Osaka ya garƙame wurin, ko sallama babu. Muka watse.

A bakin mai kifi na ji labarin rasuwar Fusae. Wari ne ya sa maƙwabta suka ɓalle ƙofarta. Matar da ba ta taɓa kwana da datti ba, haka aka ƙone gawarta bisa al'adarmu, amma ba wanka.

Na je gidan wankan, na tarar da Katsuhiko yana loda kaya a mota.

"Kai, ɗan Umeno! Hura mana wutar nan, yini ɗaya tak. In mata suka ga hayaƙi za su zo, kowacce ta faɗi gidanta."

"Haba Inna Tomeko, yanzu wa ba shi da banɗaki a gida?"

"Banɗakin ne zai je ya duba ko na mutu? Ni na wanke maka gindi a ɓangaren mata kana tsala ihu, yau kake gaya mini banɗaki!"

Ya yi 'yar dariya, sai kuma ya sunkuyar da kai.

"Inna, tukunyar ruwan tun jiya masu tsohon ƙarfe suka yanka ta."

Na zage shi tas. Bai rama ba, wutar ma bai hura ba.

Yanzu kullum da la'asar nakan zauna a dakalin wurin da tawul a wuya, ko wata za ta biyo. Biyu sun zo, na raka su har ƙofar gidajensu. Akwai wata 'yar siririya mai tari da ta saba zama kusa da famfon ƙarshe, har yau ba ta biyo ba. Duk cikinmu ba wadda ta san sunanta.